Ɗan gidan wa ne kai? Tarihin tambayar da ke tare wasiƙa a ƙofar intanet

Kowace wasiƙar imel da ta bar hannunka, kafin ta shiga akwatin wanda ka aika wa, sai an tsayar da ita a bakin ƙofa an yi mata tambayoyi. Ɗaya daga cikin tsofaffin tambayoyin ita ce: kwamfutar da ta ɗauko wasiƙar nan tana da suna? In tana da shi, sunan ya yarda nata ne? Ana yin tambayar a ba da amsa kafin ƙiftawar ido, mai aikawa da mai karɓa duk ba su sani ba. Amma a kan amsar ne wata wasiƙa take shiga, wata kuma a mayar da ita inda ta fito, ko a jefa ta kwandon shara, ko da takardar neman gurbin karatu ce ta ɗan wani.

Masana suna kiran wannan aiki binciken DNS ta baya. Tarihinsa ya cancanci malamai da iyaye su san shi, domin yau rajistar jarrabawa da neman tallafin karatu da hulɗar makarantu da ƙasashen waje duk sun koma ta imel. Abin da tarihin ke nunawa shi ne, tambayar tana gano ko mai ɗauke da wasiƙa yana da gida da mai tsaya masa. Ba ta gano ko mutumin kirki ne. Da yawa daga cikin wahalar da aka sha, rashin bambanta waɗannan biyun ne ya jawo ta.

Zamanin da kowa ya san kowa

Intanet ta samo asali ne daga ARPANET, hanyar sadarwa da ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta, wadda ta fara aiki a 1969 tsakanin wasu jami'o'i da cibiyoyin bincike. A 1971 wani injiniya mai suna Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata ta wannan hanya, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan kwamfutarsa. A lokacin masu amfani da hanyar ba su da yawa, kusan duk malaman jami'a ne da ɗalibansu da ma'aikatan gwamnati. Sunayen kwamfutocin duka a rubuce suke cikin takarda guda mai suna HOSTS.TXT, wadda ofishin wata mata, Elizabeth Feinler, ke kula da ita a cibiyar SRI da ke Kalifoniya. Wanda ya sami sabuwar kwamfuta sai ya sanar da ofishin a rubuta masa suna, sauran kuma su kwafi sabuwar takardar.

A irin wannan ƙaramar unguwa, mai laifi ba ya ɓuya. A watan Mayun 1978 wani ɗan talla na kamfanin DEC, Gary Thuerk, ya aika wa mutane wajen 400 gayyatar kallon sabbin kwamfutocin kamfaninsa. Wannan ita ce wasiƙar da yawanci ake lissafawa a matsayin farkon saƙon talla na haɗa-kowa-da-kowa. Mutane suka fusata, hukumar sojan da ke kula da hanyar ta ja kunnen kamfanin, magana ta mutu. An san wanda ya yi, an san gidansu, an san wanda za a kai wa ƙara.

Da wannan yarda aka gina dokar aika wasiƙa. A 1982 Jon Postel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya wallafa ƙa'idar da ake kira SMTP, cikin jerin takardun ƙa'idojin intanet da aka sani da RFC, mai lamba 821. Tsarin mai sauƙi ne. Kwamfutar da ke aikawa za ta yi sallama ta faɗi sunanta, ta faɗi wanda ya aiko da wanda za a ba, sannan ta miƙa wasiƙar. Babu inda aka ce ta nuna shaida. Duk sunan da ta faɗa, shi ne. Postel kansa an san shi da ra'ayin cewa injiniya ya tsananta wa kansa a abin da yake aikawa, ya sassauta a abin da yake karɓa.

Yadda ake tambaya ta baya

Da kwamfutoci suka yi yawa, takarda guda ta kasa ɗaukar sunayensu. A 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, kundin sunaye da aka rarraba a hannun masu gida daban-daban, kowa yana rubuta nasa shafin. An sake tsara ƙa'idarsa a 1987, kuma da ita ake aiki har yau. Aikinsa na yau da kullum shi ne ka ba shi suna ya ba ka lamba, domin kowace kwamfuta a intanet da lambar adireshi ake nemanta, wadda ake kira lambar IP.

An kuma tanadi hanyar komawa baya, wato ka ba da lamba a ba ka suna. Ana juya lambar ne a liƙa mata wani suna na musamman. Misali, lamba 192.0.2.25 sai ta koma 25.2.0.192.in-addr.arpa, a je a duba abin da aka rubuta a wannan shafi. Rubutun da ake samu a can shi ake kira PTR.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe a nan, domin a kansa sauran labarin ya rataya. Shafin gaba yana hannun mai sunan. Shafin baya kuwa yana hannun mai lambar, wato galibi kamfanin da ya haɗa ka da intanet. Makaranta tana iya sayen sunanta ta rubuta abin da ta ga dama a shafin gaba, amma shafin baya sai ta roƙi kamfanin ya rubuta mata.

Da farko amfanin wannan bincike bai wuce na ajiye tarihi ba. Kwamfutar da ta karɓi wasiƙa takan rubuta sunan wadda ta miƙo mata a saman wasiƙar, kamar hatimin da gidan waya ke bugawa a bayan ambulan. Takardar ƙa'ida mai lamba 1123, ta 1989, ta fayyace matsayin: mai karɓa yana iya bincika ko sunan da aka faɗa masa a sallama ya dace da lambar, amma ba a yarda ya ƙi karɓar wasiƙa don binciken bai dace ba.

Wanda ya fara mayar da binciken makami a idon mutane da yawa shi ne Wietse Venema na jami'ar Eindhoven a ƙasar Holan. A 1990, yana fama da wani mai kutse da ke ɓarna a kwamfutocin jami'ar, ya rubuta manhajar TCP Wrapper. Ya san mai lamba yana iya rubuta sunan ƙarya a shafinsa na baya, don haka manhajar takan yi tambaya sau biyu: ta nemi suna daga lamba, sannan ta ɗauki sunan ta nemi lamba. In amsar ta dawo kan lambar farko, shaidu biyu sun haɗu. A 1996 takarda mai lamba 1912, wadda David Barr ya rubuta kan kurakuran da aka saba yi a DNS, ta yi nasiha cewa kowace kwamfutar da ake iya kaiwa gare ta ta intanet ta kasance da suna, kuma shafin gaba da na baya su dace.

Da kasuwa ta shigo

A farkon shekarun 1990 aka buɗe intanet ga ƴan kasuwa da jama'ar gari, unguwa ta zama birni. Ranar 12 ga Afrilun 1994 wasu lauyoyi biyu a jihar Arizona, mata da miji, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa talla zuwa zaurukan tattaunawa na Usenet fiye da 5,000. Tallar ta cacar bizar zama Amurka ce, suna neman a biya su kuɗin aikin da mutum zai iya yi da kansa. An zage su, an rufe musu layi, amma ba su ji kunya ba, har littafi suka rubuta suna koyar da sana'ar. Sauran suka gane cewa aika wasiƙa dubu ɗari kusan kuɗinsa ɗaya da aika guda, kuma ɗawainiyar tana kan mai karɓa.

Masu wannan sana'a sun sami ƙofa a buɗe. Bisa al'adar da, kowace kwamfutar wasiƙa tana karɓar saƙon baƙo ta isar masa kyauta, irin taimakon da matafiyi ke yi wa ɗan uwansa. Sai ƴan talla suka riƙa labewa bayan kwamfutocin jami'o'i da ƙananan kamfanoni suna zuba miliyoyin wasiƙu ta cikinsu. Martani ya zo ta fuska biyu. A 1997 Paul Vixie da abokan aikinsa suka fito da jerin lambobin da aka kama da laifi, wanda daga baya ake tambayarsa ta DNS da dabarar nan ta juya lamba. A 1998 kuma manhajar Sendmail, wadda mafi yawan kwamfutocin wasiƙa ke aiki da ita a lokacin, ta fito da sabon zubi da ya daina isar wa baƙo saƙo sai mai ita ya ba da izini. A shekarar ce Steve Linford ya kafa Spamhaus, a ƙarshenta kuma Venema, wanda ya koma kamfanin IBM, ya fitar da manhajar wasiƙa ta Postfix. Cikin zaɓin da ta ba masu kula da kwamfutoci har da ƙin karɓar wasiƙa daga lambar da ba ta da suna. Venema ya yi hattara: amsar da manhajar ke bayarwa tun asali ita ce lamba 450, ma'ana ka dawo anjima, saboda ya san wani lokaci kundin sunayen ne ke jinkiri, mai aikawa ba shi da laifi.

Lokacin da tambaya ta zama ƙofa

Da aka rufe wa ƴan talla ƙofofin aro, sai suka koma sata. Tun daga 2003, cututtukan kwamfuta irin su Sobig suka riƙa shiga kwamfutocin gidajen mutane suna mayar da su bayin aika wasiƙa, masu su ba su sani ba. Jerin masu laifi ya kasa bin sawu, domin lambar kwamfutar gida tana canzawa, kuma sababbi na kamuwa kullum. Amurka ta yi dokar CAN-SPAM a ƙarshen 2003. A watan Janairun 2004 Bill Gates ya faɗa a taron tattalin arziki na Dabos cewa nan da shekara biyu za a gama da matsalar. Shekara biyun ta wuce, saƙonnin banza suka zama su ne mafi yawan wasiƙun da ke yawo a intanet.

A nan ne binciken baya ya sami daraja. Kwamfutar gida yawanci ba ta da suna a shafin baya, ko kuma sunanta na jeri ne da kamfani ya buga wa dubban abokan cinikinsa, lambobi da ƴan haruffa. Kwamfutar wasiƙa ta gaskiya kuwa ana sa ran akwai wanda ya zauna ya raɗa mata suna. Tambaya guda mai arha, kafin ma a buɗe wasiƙar, sai ta kori tarin shara. Manyan kamfanoni, ciki har da AOL da ke da miliyoyin akwatuna a Amurka, suka mayar da sunan baya sharaɗi a cikin shekarun 2000. Da babba ya sa sharaɗi, ƙarami ba shi da zaɓi: ko ya gyara, ko wasiƙunsa su daina isa.

Masu kula da kwamfutoci sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Wasu suka ce dokar 1989 ta hana. Wasu suka ce gidana ne, ni ke biyan kuɗin wuta da na layi, ni zan zaɓi wanda zai shigo. Sabuwar ƙa'idar SMTP ta 2008, mai lamba 5321, ta riƙe maganganun biyu. Ta maimaita cewa kada a ƙi wasiƙa don sunan sallama bai dace da lamba ba, a wani sashe kuma ta amince cewa mai kwamfuta yana da ikon ƙin wasiƙa bisa duk dalilin aiki da ya ga ya dace da shi. A aikace magana ta biyu ce ta yi nasara.

Wanda ya biya kuɗin sabulu

Kowane malamin firamare a ƙasar nan ya san yaro mai ƙoƙari da jarrabawa ta zo ba shi da takardar haihuwa. Yaron bai yi laifi ba, wanda ya kamata ya yi masa takardar ne bai yi ba, amma shi ake tsayarwa a ƙofa. Haka binciken baya ya yi wa ƙananan ƙungiyoyi da makarantu da asibitoci a ko'ina cikin duniya.

Dalilin yana cikin yadda ake raba lambobi. Ikon shafin baya yana gangarowa ne daga sama: daga hukumar IANA zuwa hukumomin nahiyoyi, daga su zuwa kamfanonin sadarwa, daga nan zuwa abokin ciniki. Tsarin asali ma bai san yadda zai miƙa ikon ƙasa da lamba 256 ba, sai a 1998 takarda mai lamba 2317 ta kawo dabarar yin hakan. Mai lamba takwas ko goma sha shida ya dogara ne kacokan kan ko kamfaninsa ya iya aikin kuma ya damu da shi.

Afirka ta fi kowa jin wannan. Nahiyar ba ta sami hukumar raba lambobi tata ba sai a 2005, lokacin da aka amince da AFRINIC mai hedikwata a tsibirin Moris. Kafin nan hukumomin Turai da Amurka da Asiya ne suka raba nahiyar a tsakaninsu. Cibiyoyi da yawa kuma ta tauraron ɗan Adam suke shiga intanet, da lambobin da mallakar wani kamfani ne a wata nahiya. Wanda zai rubuta maka layi guda a shafin baya yana can bayan teku, kai kuma ɗaya ne daga cikin ƙananan abokan cinikinsa. Wasiƙar da aka ƙi karɓa takan dawo da bayani cikin Ingilishin injiniyoyi, mai aikawa ya ɗauka layi ne ba shi da kyau, wanda ake aika wa kuma bai san an aiko ba.

Ga kuma inda abin ya fi ciwo. Wasiƙun damfarar da ake kira 419, sunan da aka ɗauko daga sashe na 419 na kundin laifukan Najeriya, sun ɓata sunan Afirka ta Yamma, har wasu masu kula da kwamfutoci a ƙasashen waje suka riƙa toshe lambobin ƙasa sukutum. Wake ɗaya ya ɓata gari. Amma su ƴan damfarar binciken baya bai dame su ba. Akwatin kyauta suke buɗewa a Yahoo ko Hotmail, shi ya sa ma ake ce musu ƴan Yahoo, wasiƙarsu ta fito daga kwamfutar babban kamfani mai cikakken suna gaba da baya, a buɗe mata ƙofa. Ma'aikacin da ya yi ƙoƙarin kafa wa makarantarsa kwamfutar wasiƙa ta kanta, shi aka tsayar.

Sakamakon bai tsaya nan ba. Da riƙe kwamfutar wasiƙa ya zama aiki mai sharuɗɗa da yawa, ƙananan cibiyoyi suka haƙura suka miƙa wasiƙunsu ga manyan kamfanoni. Gmail ya fito a 2004, cikin shekaru kaɗan ya zama akwatin kowa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa yau za ka ga takardar makaranta ko ta ofishi mai hatimi, amma adireshin da ke ƙasanta na akwatin kyauta ne. Tsarin da aka gina don kowa ya riƙe gidan wayarsa ya tattaru a hannun kamfanoni ƴan ƙalilan, kusan dukansu na Amurka.

Inda aka tsaya

Injiniyoyi sun san gazawar binciken, don haka suka ƙaro wasu shaidu. SPF, da aka wallafa ƙa'idarsa a 2006, yana ba mai suna damar bayyana kwamfutocin da ya yarda su aika wasiƙa da sunansa. DKIM na 2007 yana sa wa wasiƙa hannu da ba a iya kwaikwayo cikin sauƙi. DMARC, da aka sanar a 2012, yana faɗa wa mai karɓa abin da zai yi in shaidun nan ba su dace da sunan da ke kan wasiƙar ba. Duk da haka tsohuwar tambayar ba ta mutu ba. Sharuɗɗan da Gmail ya fara aiki da su a watan Fabrairun 2024 sun ce duk mai aiko masa wasiƙa sai lambarsa ta kasance da suna gaba da baya, mai aika 5,000 ko fiye a rana kuma sai ya cika sauran shaidun duka. Abin da ƙa'idar 1989 ta bari a matsayin zaɓi, bayan shekara 35 ya zama tikitin shiga.

Ba za a ce masu tsaron ƙofa sun yi kuskure ba. Ba don irin waɗannan matakai ba, da akwatin imel ya zama juji da ba mai iya tonawa. Sai dai ya kamata mu san iyakar aikinsu, mu kuma koya wa yara. Wasiƙar da ta shigo akwati tana cewa an ci gasar biza, ko an sami tallafin karatu a turo kuɗin rajista, shigowarta ba shaidar gaskiyarta ba ce. Abin da aka tabbatar kawai shi ne kwamfutar da ta ɗauko ta tana da suna. Tantance maganar da ke ciki aikin mai karatu ne: ya duba adireshin da kyau, ya nemi cibiyar ta wata hanya dabam, ya tambayi na gaba da shi kafin ya fitar da ko dala.

Haka kuma shiru ba kullum yake nufin an ƙi ka ba. Ɗalibin da ya aika takardunsa jami'a bai ji amsa ba, ya duba kwandon shara na akwatinsa, ya duba ko wasiƙar ta dawo, ya sake aikawa ta wani akwati ko ya buga waya kafin wa'adi ya cika. Shugaban makarantar da ke shirin buɗe adireshi da sunan makarantarsa kuma, kafin ya sa hannu da kamfanin sadarwa, ya tambaye su ko za su ba shi lamba tsayayya, ko za su rubuta mata sunan baya da ya dace da na gaba, da kuma wanda zai kira ranar da wasiƙa ta fara dawowa.